Wata huɗu da na canza wa akun Baba abinci, ga abin da na gani

Akun nan na Baba ne Allah ya jiƙansa, irin mai ruwan tokar nan mai jan wutsiya, Malam muke ce masa. Ya haura shekara ashirin a gidanmu kuma tunda na yi wayo gyaɗa yake ci da gero, sai ɗan tuwo in an rage. Da Baba ya rasu riƙonsa ya dawo hannuna don ni kaɗai ce ba ya cizo.

Wata rana da asuba ina alwala sai na ji tim a keji, ko da na leƙa ya faɗo daga kan sandarsa yana kakkarwa, ƙafafu sun ƙanƙame, wallahi na ɗauka tafiya ce ta zo. Can ya miƙe kamar ba shi ba. Umma ta ce tsufa ne ki ƙyale shi, ni dai hankalina bai kwanta ba na sa shi a kwali sai wajen likitan dabbobi. Tambayar farko, Hajiya me yake ci? Na ce gyaɗa. Ya ce sai me? Na ce gyaɗa dai. Dariya ya yi ya ce wannan ai bai ma yi rabin rayuwarsa ba, irinsu suna kai shekara 50 in sun samu kulawa, ƙarancin kalsiyam ne ke kayar da shi kuma wannan jinsin sun fi sauran aku saurin kamuwa da shi. Gyaɗa mai ce zalla, ga fumfuna da take yi in ta sha damshi wadda ke lalata hanta.

Shi ya sa na sayi abincin aku na kanti, ledar kilo 1, ƴan ƙulle-ƙulle ne kamar abincin kifi amma da ɗan ƙamshi, an haɗa hatsi da bitamin da kalsiyam a dunƙule ɗaya yadda ba zai tsince abin da yake so ya bar saura ba.

To fa nan aka yi ta. Ranar farko ya ɗauki ɗaya da ƙafa ya juya ya duba ya wurgo min, na biyu ma haka, kafin la'asar ƙasan kejin ya cika da kuɗina. Sati biyu muna wannan rigimar. Likita ya gargaɗe ni kar na kuskura na janye gyaɗa gaba ɗaya wai yunwa za ta sa ya ci, aku na iya ƙin ci har ya galabaita, don haka kullum da safe ina ɗora shi a sikelin kicin, yana wajen giram 450, in na ga ya fara sauka sai na sassauta. Dabarar da ta yi aiki ita ce na jiƙa abincin da ruwan ɗumi na cakuɗa da dafaffen dankalin Hausa, sannan na zauna gabansa ina yi kamar ina ci ina santi. Malam akwai ƙyashi, duk abin da ya gani a bakina sai ya ƙwace. Da haka da haka har ya koma cin busasshen.

Gaskiya na ga canji. Bai sake faɗuwa ba, sabon gashin da ya fito a ƙirji sumul, jan wutsiyar ya ƙara fitowa, surutu kuwa sai mun ce ya isa. Amma ba zan ce duk aikin ledar nan ba ne, don lokaci guda na fara fitar da kejin tsakar gida yana shan hantsi kamar rabin awa, ashe ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yi masa amfanin komai wajen kalsiyam ɗin. Kuma ina ba shi karas, gwanda, ganyen zogale, tattasai, har attaruhu yake ci ko a jikinsa don tsuntsu ba ya jin yaji. In na samu kwakwar manja nakan ba shi ɗaya, ita ce cimarsu a daji, ku ga yadda yake mata kamar ya ga ɗan'uwa.

Inda abin bai min ba, tsada. Kuɗin leda ɗaya zai sai min kwanon shinkafa har da canji, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙasa yake ƙarewa don sai ya marmashe yake ci. Sannan zafin garin nan ba ya barinsa, leda ta biyu da na bari a buɗe sati uku ƙwari suka shiga, yanzu a roba mai murfi nake juyewa na sa a firij, in akwai wuta kenan. Ku duba kwanan wata kafin ku biya, wani mai shago ya taɓa miƙo min wadda ta kusa lalacewa yana cewa ai tsuntsu ne.

Fiya (wato avocado) da cakulan da albasa da abu mai gishiri duk an hana. Wanda ya fi ba ni kunya goro, Baba kullum sai ya gutsura masa, ashe bai dace ba sam. Turaren wuta da maganin sauro ma sai na fitar da shi nake kunnawa.

Masu tambayata inda za su sayi aku, ni ban sani ba, kuma tun taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 2016 aka haramta cinikin irin wannan da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, don sun kusa ƙarewa. Nawa gado ne.

Zan ci gaba da saye in dai aljihu ya yarda. Gyaɗa yanzu ƙwaya biyu yake samu a rana, kuma ya gane inda nake ɓoye ta, da ya ga na nufi kabad sai ya yi irin gyaran muryar Baba sak ya ce ke zo nan. Umma har yau in ta ji sai ta bar ɗakin.