Wane Littafin Abubakar Imam Ya Kamata Ka Fara Saya?

Duk wanda ya tsaya gaban mai sayar da littattafai yana neman na Alhaji Abubakar Imam, yawanci biyu za a miƙo masa: Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Idan aljihu bai kai a kwashe duka ba, sai ka fara tambayar kanka wa zai karanta, domin marubuci ɗaya ne amma ɗanɗanonsu ya bambanta.

An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, yana malanta a Makarantar Midil ta Katsina aka sa gasar ƙaga labarai ta 1933 wadda Baturen nan Rupert East ya jagoranta. Daga wannan gasa Ruwan Bagaja ya fito, tare da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wato aikin saurayi ne ɗan shekara 22, kuma ƙuruciyar tana nan a kowane shafi. Siriri ne, mai himma zai gama shi a zama ɗaya. Labarin wani mai suna Alhaji Imam ne da ya bazama duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Akwai dariya ƙwarai, sai dai wasu daga cikin ƙetar tasu suna da zafi, har da yaudara da jawo wa mutum duka. Saboda haka na fi ganin dacewarsa ga babba ko ɗan sakandare, musamman wanda ya daɗe bai karanta Hausa ba yana son abin da zai ja shi da gudu.

Magana Jari Ce kuwa gandu ne. Imam ya koma Zariya a 1936 ya zauna ya rubuta shi, ya fito cikin littattafai uku. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai da na gida, ya sa musu riga da rawani har ba ka jin baƙuntarsu. A nan ne mai saye yake yawan yin kuskure: ya tarar da na biyu ko na uku kaɗai a kan tebur, ya ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne tushe. A cikinsa ake sanin Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, da ɗansa Musa, da mugun Waziri, da yadda aku ya riƙa tsare Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Kowane labari yana da aikin da yake yi, wato jan lokaci har gari ya waye, shi ya sa mai karatu yake jin zuciyarsa na ɗar-ɗar ko da labarin na ban dariya ne. Na biyu gasar labari ce tsakanin aku da wani akun mai suna Haziƙ. Na uku kuma aku ne ya zama uba yana horon ɗansa Fasih, labaran sun fi tsawo, nasiha ta fi yawa. Wanda ya fara da na uku zai ji daɗin labaran, amma ba zai san dalilin da ya sa tsuntsu ya kai ga sarautar waziri ba.

Ni dai idan guda ɗaya tak za a saya, Magana Jari Ce na farko nake cewa a ɗauka. Ana iya karanta wa yara labari ɗaya kowane dare, babba kuma ya tsinci karin magana da zaƙin Hausar da ba kasafai ake jin irinta yanzu ba.

Mai son sanin mutumin kansa, wanda ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara ta a 1939, ya nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fi wuyar samu. Akwai kuma tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tsara, aka buga a 1989, shekara 8 bayan rasuwarsa a 1981, amma da Turanci yake.

Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe littafin. Kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ne ya daɗe yana buga su, amma kasuwa ba ta rasa bugun sata. Duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, ko zanen hotunan ya fito sarai bai zama baƙin dabbare ba. Bi lambobin shafi daga tsakiya, nan ne aka fi tsallake wasu ko a maimaita. Sannan ka ɗan tanƙwara gindin littafin: idan gam ɗin ya yi ƙara yana neman sakin takardu, ajiye shi ka ce a ba ka wani.