Kare da Tumaki Suna Majina Lokaci Guda: Ciwo Ɗaya Ne?

Alhaji, ka ce a gidanka na Garwa kwikwiyon da kake reno don gadi da tumakin da ka sayo a kasuwa duk sun kama majina da kwantsa, ga zawo, kana tambaya ko ciwo ɗaya ne, ko kuma allurar da aka yi wa tumakin za ta yi wa karen. Allah ya ba su lafiya. Da wuya ya zama ciwo ɗaya, kuma hanyar binciken ma ta bambanta.

Kamannin da ka gani suna da dalili. Tumaki da awaki suna da annobar da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kodebuwa a 1942. Kare kuma yana da nasa, distemfa. Ƙwayoyin cutar biyu dangin ƙyanda ne, shi ya sa duk suke farawa da zazzaɓi da ido da hanci. Amma tunkiya ba ta ɗaukar na kare, kare ba ya kamuwa da na tunkiya.

A tumaki, garke ake dubawa kafin a duba dabba. Nawa suka kamu? Akwai wadda ta mutu? Yaushe baƙin suka shigo? PPR takan bayyana kwana 4 zuwa 6 bayan kamuwa, saboda haka tumakin kasuwa da suka kwanta a makon farko abin zargi ne. Ka kama ɗaya ka buɗe bakinta. In ka ga dasashi ya yi gyambo, da wani fari-fari kamar an barbaɗa dusa, ga wari, to alama ta yi ƙarfi. Ka sa ma'aunin zafi a dubura da sassafe, don ranar Garwa kaɗai takan ɗaga zafin jikin dabba. Lafiyayyar tunkiya tana wajen digiri 39 na Celsius, wadda ta haura 40.5 tana da zazzaɓi. Sannan ka ja fatar ido ta ƙasa: in ta yi fari fat, ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, babu zazzaɓi, hankali ya koma kan tsutsar ciki ko ciwon hanta. Tabbaci kuwa sai likita ya shafo majina da kwantsa da auduga, ya ɗebi jini, a kai cikin ƙanƙara. Kai ka yi sa'a, ɗakin binciken LANAVET yana nan Bokle, kusa da kai. 'Yan'uwanmu na Injamena nasu IRED ne a Farsha.

Kare kuwa shi kaɗai ake dubawa, kuma tambayar farko game da mutanen gida ce: ya ciji wani, ko ya lashi rauni a jikin yaro? An taɓa yi masa rigakafin hauka? Abin da na ce ka yi wa tunkiya na buɗe baki, don Allah kada ka yi wa kare. Wannan ne ya fi damuna. Mahaukacin kare ba kullum yake bin mutane da cizo ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙi a sake, yawu na zuba, murya ta canza, sai mai gida ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu. Distemfa ma in ta kai ga ƙwaƙwalwa tana kawo makyarkyata da farfaɗiya, ido ba ya iya raba su. Babu gwajin jinin da zai tabbatar da hauka a kare mai rai, ƙwaƙwalwarsa ake dubawa bayan ya mutu. Don haka in ya yi cizo a ɗaure shi aƙalla kwana 10 ƙarƙashin kulawar likita, in ya mutu kada a fasa kan, kada a jefar. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ba sai an jira sakamako ba. In kuwa kwikwiyon amai yake da zawon jini mai ƙarni, cutar hanjin karnuka da ake kira fabo ake zargi, kuma akwai ɗan gwajin kashi da ke nunawa cikin mintuna.

Mushen tunkiya yakan gaya wa likita abin da mai rai ta ɓoye, daga huhu da hanji. Sai dai wadda ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, ba a feɗe ta ko kaɗan. Ciwon saifa ke nan, yana kama mutum, ƙwayarsa kuma tana shekaru a cikin ƙasa.

Inda suke haɗuwa kaɗan ne. Cizon mahaukacin kare yana sa wa tunkiya hauka. Akwai kuma tsutsar da kare ke zubarwa a kashinsa, tunkiya ta ci a ciyawa, ta yi mata ƙullutun ruwa a ƙwaƙwalwa har ta riƙa zagaye wuri ɗaya. A daina jefa wa kare ɗanyen kai da kayan ciki, musamman lokacin layya.

Allurar da aka yi wa tumakin, in irin Terramycin ce, ba ta kashe PPR ko distemfa, ciwon huhun da ke biyo baya kawai take ragewa. Kada ka yi wa karen. Yau ka ware baƙin tumakin da kwanon ruwansu daban, ka ɗaure kwikwiyon inda yara ba sa zuwa, ka kira likitan dabbobi, ka gaya masa ranar da kowanne ya fara.