Tsohuwar Mota: A Mayar da Ita Lantarki ko Gas ɗin CNG?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu tsofaffin motoci ke ta tambayata wanne ya fi: lantarki ko CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya don mota.

A gas, injinka na nan daram. Tukunya ake ɗaurawa a but, ta cinye wurin kaya, idan gas ya ƙare ka koma fetur. Lantarki kuwa aiki ne ja: a sauke inji da tanki da salansa, a duba ƙasan motar ko tsatsa ta ci, don batir nauyi gare shi. Birki ma sai an sa masa famfo daban, tunda da ƙarfin zuƙar inji yake taushi. Kuɗin batir kaɗai kan iya zarce darajar motar.

Haɗari kowanne da nasa. Tukunyar da mai walda ya haɗa na iya fashewa, batir mara na'urar kula da caji kuma gobara ce. Bayan an gama aikin fa, lantarki ba juyen baƙin mai, sai dai ina wutar? Gidajen gas ɗin ma ba yawa a Arewa.

Ɗan tasi mai gidan gas kusa, CNG ya dace da shi. Mai sola a gida, mai zirga-zirgar cikin gari, da motar da jikinta ke garau amma injin ya mutu, ya duba lantarki.