Wace sifinaka za ku saya idan ku biyu ne kawai a jirgi?

Mai ƙaramin jirgin ruwa da iska ke turawa, idan ya shiga tafkin Dadin Kowa da ke jihar Gombe kuma iska ta biyo shi ta baya a hankali, zai ga jirgin yana jan ƙafa. Maganin haka shi ne sifinaka, ƙaton ƙyallen nailan mara nauyi da ke kumbura a goshin jirgi. Odarta ake yi daga nesa, yawanci ƙasar waje, mayar da ita kuma wahala ce, don haka a tsaya a zaɓa kafin a tura kuɗi.

Ta gargajiya, mai ɓangarori biyu daidai wa daida, ta fi kowace tafiya idan iska na bugowa tsaf daga baya. Sai dai tana da sandar tokare da igiyoyi barkatai, kuma duk juyin da za a yi sai mutum ya taka zuwa gaba ya sauya wa sandar gefe. 'Yan tsere masu hannu da yawa ta dace da su. Ku biyu, ɗaya riƙe da sitiyari, ban ba ku shawara ba.

Mai karkataccen yanka ita nake so a duba. Ba ta da sanda, a goshin jirgi ake ɗaure kusurwarta ta ƙasa. Aibinta ɗaya: ba ta son iska ta baya kai tsaye, sai an riƙa tafiya a karkace ana juyawa, hanya ta ɗan ƙara tsawo.

Ɗaga ta ba wuya. Sauke ta ne aikin. Da damina hadari kan taso daga gabas da guguwa a gabansa, mintuna kaɗan ne tsakaninka da ita. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce safa, wata doguwar jaka mai baki kamar mazurari. Ka saki igiyar gefe, ƙyallen ya saki iska, ka jawo safar daga sama ta haɗiye shi. Amma dole wani ya tsaya a gaba, sanye da rigar ceto. Akwai kuma na'urar naɗewa, wadda ake ja daga mazaunin direba ba tare da an tashi ba. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma in igiyar cikinta ba ta ɗame sosai ba sai naɗin ya cukurkuɗe. Ni dai safa na zaɓa.

Ƙyalle mai nauyin oza 0.75 a kowane yadi na iska mai laushi ne, mai 1.5 ya fi jure bugu. Ko wanne ka saya, ka sauke shi kafin iska ta kai kilomita 28 a awa.

Ka auna tsawon doguwar sandar da ke tsaye a jirginka ka tura wa mai sayarwa. In ta hannu ce, ka nemi hoton ɗinkin kusurwoyi, ka tambayi ko ta sha rana, don rana na cinye nailan, ta Gombe kuwa ba ta wasa.