Sharhi: faifan ajiya biyar a kan ƙofar SATA ɗaya, ribarsa da wahalarsa

Allon da nake magana a kansa bai kai tafin hannu ba. Ƙofar SATA (inda ake jona faifan ajiya da kwamfuta) ɗaya ce ke shiga, biyar ke fita, sai mahaɗin wuta guda da cif ɗin JMB575 a tsakiya. A kasuwa port multiplier ake kiransa, wato mai ninka ƙofa. Ƙa'idar SATA ta yarda a rataya fayafayai har 15 a kan ƙofa ɗaya, amma yawancin allunan da ake sayarwa biyar suke ɗauka. Hukuncina bayan na yi aiki da shi: yana cika alƙawarinsa, amma sai kwamfutarka ta san da zamansa, kuma sai ka san irin kayan da za ka ɗora masa.

Matsalar farko ba ta allon ba ce, ta ƙofar madabod ce, wato babban allon kwamfuta. Ba kowace ƙofar SATA ke iya magana da mai ninka ƙofa ba, kuma da yawa daga cikin madabod masu cif ɗin Intel ba sa yi. Alamar a bayyane take: ka jona faifai biyar, duk suna juyawa, amma ɗaya tak kwamfuta ke gani, wanda ke kan ƙofar farko. Nan ne mutane ke cewa allon ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Kafin ka saya, sa SATA a kan yanayin AHCI cikin BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, sannan a Linux ka buga dmesg | grep -i ahci ka duba layin da ke ɗauke da kalmar flags. Idan akwai pmp, ƙofar za ta ga allon. Idan akwai fbs kuma, to ka dace.

Wannan fbs ɗin shi ne kan maganar. Hanya biyu ake raba ƙofar. A ta farko, CBS (command-based switching), kwamfuta na aika umarni ga faifai ɗaya, ta jira ya gama, sannan ta juya ga na gaba. Sauran huɗun suna zaune suna jiran layi. A ta biyu, FBS (FIS-based switching), ana aika wa dukkansu umarni a lokaci guda, amsoshinsu na shigowa a gauraye. In fayil ɗaya kake kwafa daga faifai ɗaya, ba za ka ji bambanci ba. Amma ka gwada kwafa daga wani faifai zuwa wani, duka biyun a bayan allon, a kan ƙofa mai CBS: za ka ga fitilunsu na ƙyaftawa bi da bi, gudun ya faɗi warwas. Idan madabod ɗinka bai da FBS, ƙaramin katin da ake sakawa a ramin PCIe na madabod, mai cif ɗin JMB585 ko Marvell 88SE9215 yana da shi.

Ko da FBS, bututun ɗaya ne. SATA III na ɗaukar gigabit 6 a daƙiƙa, wanda a aikace bai wuce megabait (MB) 550 a daƙiƙa ba. Faifai mai juyi 7200 a minti yana iya ba da kusan megabait 200. Biyu suna aiki tare, babu ƙorafi. Uku sun cika bututun. Biyar kuwa kowanne kusan 110 zai samu. Tsofaffin alluna masu SiI3726 ko JMB321 gigabit 3 ne kawai, sai ka raba wancan lissafin biyu. SSD kuwa, wato ma'ajiya mai sauri marar juyi, kada ma ka fara, guda ɗaya ya ishi ƙofar.

Haɗawar ba ta da wuya. Ka kashe kwamfuta ka zare wuta, ka ɗaure allon yadda bayansa ba zai taɓa ƙarfen akwati ba, ka yi amfani da gajerun wayoyi masu makulli. Iyakar wayar SATA mita ɗaya ce, kuma a nan siginar na bin waya biyu. Fara da faifai ɗaya a ƙofar farko, ka tabbatar ya fito, sannan ka ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya. A dmesg za ka gan su kamar ata5.00, ata5.01, shi allon kuma ata5.15. Faifan da kwamfuta ke tashi da shi ka bar shi a kan madabod kai tsaye.

Wuta ce abin da aka fi mantawa. Faifan inci 3.5 na jan kusan amfiya 2 a layin volt 12 lokacin tashi, biyar ke nan amfiya 10 a tare. Idan ka tara su duka a kan reshen waya ɗaya, za ka ji wani na ƙas-ƙas yana tashi yana mutuwa. Raba su a kan reshe biyu. Cif ɗin ma yana ɗaukar zafi in aiki ya yi tsawo, don haka ka manna masa ƙaramin ƙarfen sanyaya, ka ajiye shi inda iskar fanka ke bi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake yi idan faifai ɗaya ya fara ciwo. Da ya maƙale a kan wurin da ya lalace, sau da yawa kwamfuta kan sake tayar da hanyar gaba ɗaya, sai fayafayan biyar su ɗauke na ɗan lokaci. Ga mai ajiyar bidiyo da hotuna wannan ɗan tsaiko ne. Ga RAID 5 kuwa, wato tsarin haɗa fayafayai da ke jure rashin faifai ɗaya kawai, babban haɗari ne, domin faifai biyu na ɓacewa tare tsarin ya rushe, kuma sake gina shi na buƙatar karanta dukkansu a lokaci guda ta wannan bututu ɗaya. Shi ya sa masu amfani da tsarin ajiyar fayil na ZFS ke guje wa irin wannan allon, kuma ina tare da su.

Na ba allon maki uku cikin biyar. Ya dace da kwafin ajiya da tsofaffin fayilolin da ake buɗewa jefi-jefi, musamman a ƙaramar kwamfutar da ba ta da ramin PCIe. Idan kana da ramin, sayi kati mai ASM1166 mai ƙofa shida, ko LSI 9211-8i mai ɗaukar takwas, kowane faifai da hanyarsa. Ka kuma yi hattara da katunan nan masu ƙofa 16 ko 20 a kan PCIe x1: ka ƙirga cif ɗin da ke jikinsu, galibi masu ninka ƙofa ne aka jera a bayan cif ɗaya.