Hanoi ko Ho Chi Minh: ina ya fi dacewa a karanci kasuwanci a Biyetnam?

Idan ana shawarar tura yaro karatu waje, Malesiya, Masar, Indiya da Turkiyya ne ke fara zuwa baki. Ba kasafai ake tuna Biyetnam ba, alhali ɗanyen kashun da ake lodawa daga Najeriya da Gana, kaso mai tsoka nasa can yake sauka, domin ita ce kan gaba a duniya wajen fasa kashu da sake fitar da shi. Tun 1986 da ta sassauta wa kasuwa mara, ta zama matattarar masana'antun waya, tufafi da takalma. Matashin da ke da niyyar shiga irin wannan harka yana da hujjar leƙa jami'o'inta. Uku daga cikin na gwamnati ne suka fi suna a fannin tattalin arziki, kuma shawarata ita ce ka fara zaɓen gari kafin makaranta.

A Hanoi, babban birnin ƙasar da ke arewacinta, akwai Jami'ar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NEU. An kafa ta a 1956, tana kan titin Giai Phong, kuma ita ce dattijuwar sauran. Ƙarfinta yana wajen tsara manufofi, ƙididdiga, kuɗi da banki, abin da ya dace da garin da ma'aikatu da babban bankin ƙasar suke. Wanda burinsa aikin gwamnati, bincike ko koyarwa, nan ne wurinsa. A garin kuma akwai Jami'ar Cinikin Ƙasashen Waje, FTU, da aka kafa a 1960 a titin Chua Lang. Makin shiga cikinta yana cikin mafi yawa a ƙasar, kuma an san ɗalibanta da iya harsuna. Abin da take koyarwa shi ne ainihin abin da ɗan kasuwa ke fama da shi: kwangilar shigo da kaya, biyan kuɗi tsakanin ƙasashe, inshorar kaya, kwastan da sufurin jiragen ruwa. Tana da reshe a Ho Chi Minh tun 1993, don haka zaɓenta ba lallai ya ɗaure ka a arewa ba.

A kudu, tafiyar kusan awa 2 a jirgin sama, akwai Jami'ar Tattalin Arziki ta Birnin Ho Chi Minh, wato UEH. An kafa ta a 1976, shekara ɗaya bayan ƙarewar yaƙi. Hedikwatarta tana lamba 59C a titin Nguyen Dinh Chieu, tsakiyar garin da mutanensa har gobe suke kira Saigon, tana kuma da wasu harabobi a warwatse cikin birni da reshe a Vinh Long. A 2023 gwamnati ta ɗaga darajarta zuwa babbar jami'a mai makarantu da dama a ƙarƙashinta, NEU ta biyo baya a 2024. Makarantar UEH ta kasuwancin ƙasa da ƙasa tana koyarwa da Turanci, tana da haɗin gwiwa da Jami'ar Western Sydney ta Ostireliya.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga UEH idan ɗalibin ɗan gidan kasuwa ne, kuma garin ne dalili. A nan babbar kasuwar hannun jarin ƙasar take tun 2000. A nan tashar jiragen ruwa ta Cat Lai take, inda kwantenoni ke shiga da fita ba dare ba rana. Masana'antun fasa kashu sun fi yawa a yankin Binh Phuoc, arewa da birnin, tafiyar 'yan sa'o'i a mota. Ɗalibin da ya buɗe ido zai iya zuwa da ƙafarsa ya ga yadda ake gwada ingancin kashu, ya ji dalilin da ya sa ake rage wa wani kaya farashi saboda danshi, ya san masu saye fuska da fuska. Wannan ilimin, a wajen mai niyyar dawowa gida ya kama sana'a, bai gaza na cikin aji ba. Arewa ma ba a bar ta a baya ba, tunda tashar Hai Phong da masana'antun Samsung na Bac Ninh da Thai Nguyen duk suna kusa da Hanoi, sai dai harka ce ta manyan kamfanoni, ba ta cika buɗe ƙofa ga mai ƙaramin jari ba.

Sai batun ibada da abinci, wanda bai kamata iyaye su ɗauke shi da wasa ba. Masallaci ɗaya ne a Hanoi, Al-Noor, a titin Hang Luoc cikin tsohon gari. Ho Chi Minh kuwa tana da masallatai da dama: akwai babban masallacin titin Dong Du da Musulmin Indiya suka gina a 1935, akwai unguwannin Musulmi 'yan ƙabilar Cham, akwai kuma gidajen abincin halal a gefen kasuwar Ben Thanh. Naman alade da romonsa suna shiga girki da yawa a ƙasar, don haka duk inda ka sauka, nemi ɗakin da za ka iya ɗora tukunyarka. Juma'a ranar aiki ce, ka duba jadawalin darasi tun kafin ka yi rajistar kwasa-kwasai.

Yanayi ma ya bambanta. Hanoi tana da sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi mai laima da ke ratsa ƙashi, ba irin busasshen hunturunmu ba, kuma a lokacin iska kan gurɓace ƙwarai. Mai ciwon asma ya yi tunani sau biyu. Ho Chi Minh zafi ne duk shekara, da damina daga Mayu zuwa Nuwamba. Akwai kuma jami'ar tattalin arziki a Da Nang, a bakin teku, ga mai son gari mara cunkoso.

Inda aka fi yin kuskure shi ne harshen koyarwa. Yawancin kwasa-kwasai da harshen ƙasar ake yin su, kuma baƙo sai ya fara koyon harshen kafin ya shiga aji. Harshe ne mai karin sauti, har kala 6 a lafazin Hanoi. Bahaushe ya saba da cewa hawa da saukar murya na canza ma'ana, wannan zai taimake shi, amma ba zai ɗauke masa wahalar koyo ba. Kwasa-kwasan Turanci sun fi tsada, kuma galibi ana neman sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko makamancinsa. Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje ka tambaya ko dukkan darussa da Turanci ake yi, ko wasu ne kawai. Idan shirin haɗin gwiwa ne, ka tambayi wace jami'a ce sunanta zai fito a kan takardar shaida, da ko akwai shekarar da dole a yi ta a wata ƙasa da wani kuɗin daban.

Jami'o'in nan uku suna cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, don haka kuɗin makaranta kan ƙaru. Ka nemi a ba ka na dukkan shekarun a rubuce, da dong, kuɗin ƙasar, ka biya kai tsaye a asusun jami'a, ba ta hannun dillali ba. Biyetnam tana da ofishin jakadanci a Abuja, Najeriya ma tana da nata a Hanoi, kuma da takardar karɓa daga makaranta ake neman bizar karatu. Ɗan Najeriyar da zai dawo ya yi bautar ƙasa ya fara tuntuɓar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wadda ke tantance takardun karatun waje, ya tabbatar da matsayin jami'ar da kwas ɗin kafin ya sayi tikitin jirgi.