Sharhi kan kit ɗin gyaran kafiretar tsohuwar Land Rover ta soja

Kit ɗin da nake nufi shi ne ƙunshin da masu sifiya ke sayarwa don kafiretar Zenith 36IV, wadda ke kan injin fetur mai silinda 4, lita 2.25, na Land Rover Series III, har da samfurin soja. Na ɗaura shi a nan Birnin Kebbi a kan injin da ke rawa a silo, wato lokacin da yake aiki ba a taka totur ba, yana fitar da baƙin hayaƙi, fulogansa sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya ci kuɗinsa, amma duk mai zaton shi kaɗai zai daidaita silo zai kwance kafireta sau biyu.

A ciki akwai gasket na murfi da na gindi, allurar fulot (wadda ke tsayar da shigar fetur in kafireta ta cika) da mazauninta, ɗan dayafaram, sukurun daidaita mai, da zoben roba guda. Wannan zoben shi ne ran kit ɗin. Yana zaune ne a wuyan da iska ke bi, tsakanin sashen sama da gangar jikin kafiretar. In ya bushe, fetur yakan tsallake jet, wato ƙananan ramukan da ke auna shi, ya zuba kai tsaye cikin inji. Gane shi ba wuya: cire bututun iyakilina, wato matatar iska, bar inji a silo, haska tocila cikin maƙogwaron. In ka ga mai yana ɗiga, ko ka ɗaure sukurun mai har ƙarshe inji bai mutu ba, to daina wahalar da sukuru, ba nan ciwon yake ba.

Sai dai sabon zobe ba ya kamawa a kan karkataccen ƙarfe. An san wannan kafiretar da lanƙwasar fuska saboda zafi da ɗaurin ganganci, ga kuma zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40. A shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a riƙa goga fuskar a hankali ana zagayawa, har ko'ina ya yi haske iri ɗaya. Bayan nan a wanke, a hure kowace kafa da iska. Kada a zura waya cikin jet, faɗaɗa ramin take yi, mota ta koma shan mai har abada.

Allurar fulot ɗin ta burge ni, tana rufewa tsaf. Don duba tsayin fulot, a kife murfin da gasket a jiki, a auna daga gasket zuwa ƙololuwar fulot, ya ba da milimita 33.

Inda kit ɗin ya gaza shi ne sandar totur, babu ita a ciki. A tsohuwar mota ramin sandar yakan cinye, iska ta riƙa satar hanya, silo ya yi ta hawa da sauka. Kama sandar ka girgiza, in tana wasa sai an yi mata bushi. Gasket ɗin murfin ma siriri ne, ba ya jure kwancewa biyu.

Kafin a taɓa sukuru, a gama da wuta. Tazarar kwantak milimita 0.35 zuwa 0.40, ta bawul 0.25, jerin wuta 1-3-4-2, sannan tayimin. Samfurin soja mai lantarki bolt 24 wayoyin fuloginsa masu sulke ne, na farar hula ba sa shiga.

Sai inji ya yi zafi sosai, cok a kashe, ake daidaitawa. A ɗaure sukurun mai da tausasawa har ya taɓa, don matsi yana lalata bakinsa, a sassauto zagaye ɗaya da rabi. A tayar, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana sauraro har ƙarar ta yi sumul, sannan a sauke gudu da sukurun totur. Ɗan taka totur ka saki; in ya nemi mutuwa, a ƙara masa mai kaɗan.

Mai bin hanyoyin Zuru ko fadamar Argungu lokacin hunturu ya riƙa sauya man inji da ke cikin iyakilina a kai a kai, ya wanke kofin gilashin famfon mai, ya ƙara filta kafin kafireta. Fetur ɗin 'yan bumburutu yana zuwa da ruwa da ƙasa, kuma jet ɗin silo, da yake raminsa ƙarami ne ƙwarai, shi yake fara toshewa.